Rijiyarmu Gaba Goma Sha Shida Ce

Maigidana, Allah ya jiƙansa, maƙerin abin da ba shi da amfani ne. Haka mutanen unguwarmu ta Birni, a nan Damagaram, suke faɗa a bayan idonsa. Ni ma na sha faɗa masa a gabansa, yana dariya ina dariya. Yau ga shi ina faɗa, bakin zanena ya jiƙe.

Ya fi shekara ashirin yana sassaƙar ƙarfe a garejin gwamnati. In wani abu ya karye a cikin kamiyo, babbar motar kaya, kuma babu irinsa a gari, shi ake kawo wa guntayen, ya auna, ya fitar da sabo. Bai taɓa shiga lekol, makarantar boko, ba, ido da yatsu ne karatunsa. Da ya bar aiki sai ya taho gida da wani tsohon inji da aka yar a bayan garejin, wanda suke ce wa tur. Kamar dogon gado ne na ƙarfe. Ana ɗaure guntun ƙarfe a bakinsa yana juyawa, a matso da wuƙa tana fere shi kamar ana fere rake. Gidanmu babu wutar lantarki, don haka ya kafa wata babbar ƙafa irin ta keke, mai mariƙi, ya haɗa ta da injin da ɗamarar fata. Sai an sami mai juya ƙafar nan kafin inji ya yi aiki. Allah bai bar mana ɗa namiji ba, 'yarmu ɗaya tana ɗakinta a unguwar Zango. Ni ce mai juyi.

A ɗakin da ke jikin zaure ya ajiye shi. Can muke wuni in na sauke tukunya. Ba ya son hira in yana yanka. Maganarsa biyu ce, "Juya" da "Tsaya". Maƙwabta kan kawo masa abin keke ko na keken ɗinki ya gyara, amma ba nan zuciyarsa take ba. Zuciyarsa tana wajen 'yan ƙananan injuna. Akwai wani da bai fi tafin hannu ba, a zuba masa ruwa cokali biyu, a sa masa garwashi ɗaya, ya yi ta huci yana gudu shi kaɗai. Akwai injin niƙa da ba ya cin fiye da ƙwayar gero uku. Akwai ɗan pampo kamar babban yatsa, mai siririn tiyo. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan fito da su zaure, dattawa su taru suna kallo suna ce masa ya girma bai daina wasan yara ba.

Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita. Yakan ce, "Ƙarami ba ya ƙarya. Abin da ƙarami ya yi, babba zai yi, ninkawa ce kawai." Ko a gareji, in ji shi, bai taɓa taɓa babban ƙarfe ba sai ya gwada a ƙarami. Kuma ni ban taɓa ganin maganar nan ta faɗi ƙasa ba, sai shekarar da zan ba da labari.

Damina biyu a jere ta yi gardama. Ta farko an ɗan kankare wani abu, ta biyu ko irin da aka zuba ba a mayar ba. Damagaram dama tun fil'azal garin wahalar ruwa ne, amma bazarar nan ta fi ƙarfin baki. Mai garwa ya zama sarki, sai ka bi shi kana roƙo. Mutanen daji suka cika bayan gari da 'yan bukkoki na tsumma. Na ga Buzun da aka ce ya taɓa mallakar raƙuma fiye da ƙirga yana tsaye a layin jar dawa da kwano a hannu. Jar dawar nan ta taimako, in ka tuƙa ta kamar ka tuƙa yashi, amma ita muka ci.

Ni 'yar ƙauye ce, daga wani ɗan gari a gabashin Damagaram Takaya. Can mahaifiyata take, tare da ƙanena da iyalinsa da shanun gidanmu. Tsakanin ƙanen nan nawa da maigidana akwai wasa mai zafi, irin na miji da ƙanin mata. In ya zo gari tun daga ƙofa yake ɗaga murya:

"Salamu alaikum, mai niƙa wa tururuwa gari! Yau me aka ƙera, akushin ƙuda?"

Maigidana ya ce, "Shigo, baƙauye, amma ka kakkaɓe ƙafa. Nan ba turke ba ne."

A bazarar nan ya zo, ya yi sallama sau ɗaya, a hankali. Ban gane shi ba sai da ya ce, "Yaya." Wuyansa ya zama kamar na tulu. Tafin hannunsa duk ya tsage, igiya ta ci shi. Na dama masa kunu ya sha, bai ce uffan ba, har maigidana ya tsokane shi ya ce ko bakin ma fari ya cinye. Ya yi ɗan murmushi don kunya kawai.

Sannan ya faɗa mana abin da ya kawo shi. Shanunmu saura tara. Abinci yana da ɗan abin da zai riƙe su, don ya ɓoye kara da 'ya'yan gawo, in ta kai ta kawo kuma akwai jinkar ɗakuna. Ruwa ne matsala. Ruwan yana nan a rijiya, sun ƙara mata haƙa sun same shi, amma ya yi nisa. Takarkarin da ke jan wasaki ya mutu. Samari duk sun tafi cin rani. Saura shi da tsofaffi biyu da mata, suna ja da hannu tun asuba har rana ta take, ba sa ƙosar da rabin dabbobin. Mutanen garin sun yanke shawara ran Lahadi za su kora abin da ya rage su yi kudu, wajen iyaka, tun shanu suna iya tafiya. Ya zo ne ya gaya mini zai bi su, kuma ya roƙe mu mu karɓi Inna, don ba za ta iya tafiyar ba.

Maigidana ya ce, "Rijiyar gaba nawa ce?"

"Sha shida."

"Ruwan kuma ba ya ƙafewa?"

"In an kwashe, kafin gari ya waye ya taru."

Maigidana ya tashi ya shiga ɗakin inji, ya fito da ɗan pampon nan. Ya ce in kawo ƙwarya da ruwa. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya ɗora pampon a kan kujera, ya sa bakin tiyon a ruwa. Da yatsa ɗaya ya riƙa danna mariƙin. Sau biyar, sau shida, sai ga ruwa yana tsartuwa cikin ɗan kofi. Ƙanena ya durƙusa yana kallo, bakinsa a buɗe.

Maigidana ya ce, "Ka ba ni kwana ashirin in yi maka babbansa. Matarka da hannu ɗaya za ta shayar da shanunka da na maƙwabta. In ka kora su kudu a halin da suke, nawa za su kai?"

Ƙanena ya ce, "Malam, wannan fa ba wasan Juma'a ba ne. In mutane suka tafi suka bar ni, ba ni da abokin tafiya kuma."

Ban taɓa jin ya ce masa Malam ba sai ran nan. Ya juyo ya dube ni. Ni ce babba, ni na goya shi. Da na ce masa tafi, da ya tafi. Sai na ce, "Ka jira. Ka taɓa ganin ya ƙera abu bai yi ba?"

A rubuta wannan yadda na faɗe shi. Ni na ce ya jira.

Ƙanena ya koma washegari. Daga baya na ji cewa da ya gaya wa Inna, cewa ta yi, "Tunda mijin yayarka ya ce a jira, a jira." Ba za ta tsaya tana tuhumar maganar suruki ba. Ran Lahadi gari ya tashi, aka bar gida huɗu.

Mu kuma muka shiga aiki. Maigidana ya yi kwana biyu yana zane a ƙasa da ƙusa, yana auna ɗan pampon yana ninkawa. Cikin pampon dole tagulla ce, don baƙin ƙarfe yana tsatsa, tagulla mai kauri haka kuwa babu ita a kasuwa. Na shiga ɗaki na sauko da tasoshin jerena guda shida da mundayen kakata masu nauyi. Bai roƙe ni ba, ni na kawo. Ya kai wa masu zubi a nan Birni suka narka, suka zubo masa wani dunƙule kamar guntun taɓarya. Na riƙe shi a hannu da sauran ɗuminsa, na nemi zanen da ke jikin tasoshina ban ga ko ɗaya ba.

Huda dunƙulen nan shi ya ci mu. Ƙananan abubuwansa da hannu ɗaya nake juya musu, wannan kuwa sai na sa hannu biyu da ƙirji. Cikina babu komai sai jar dawa. Wani lokaci ɗakin ya riƙa juyawa tare da ƙafar, in ji muryarsa daga nesa yana cewa, "Juya. Kada ki sassauta, zai yi tabo." In ya ce tsaya, in zauna a ƙasa in jingina da bango. Shi ma ba ƙarfin gare shi ba, wandonsa sau biyu yana ƙara masa ƙulli. Amma fuskarsa tana haske a kwanakin nan. Ya ce mini, "Wannan karon za su ga amfanin wasan yara." A cikin kwanakin ne aka ce soja sun karɓi mulki a Yamai. Maƙwabci ya leƙo ya faɗa mana, maigidana ya ce, "To, Allah ya sa alheri," bai ko ɗaga kai ba.

Dukawa suka yanka masa fata mai kauri, ya jiƙa ta da kitse ya yi abin da zai riƙa hawa da sauka a cikin tagullar. Tiyo ya tsinto guntu-guntu wajen masu tsofaffin ƙarafa, ya haɗa har tsawon ya kai. Ran kwana goma sha tara ya gwada a randarmu. Ya kwashe ta kafin in gama salati, ruwa ya malale a tsakar gida, na bi shi da tsumma ina matsewa a kwano. Muka yi dariya ran nan, mu biyu, kamar yara.

Wani direban kamiyo da ya sani, mai kai hatsin taimako, shi ya ɗauke mu da kayan har Takaya. Daga nan jakuna. Abin da na gani a hanya ba na son faɗa. Gawar shanu ko'ina, wasu a durƙushe kamar za su tashi. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa kauce wa mutum.

Muka iso da hantsi. Maigidana ya tsuguna a bayan zana ya gaida Inna, ta amsa daga ciki, ba wanda ya ga fuskar wani. Shanu sun koma takwas. Ƙanena ya ɗan sami bakinsa da ya ga tagulla tana walƙiya, ya ce, "Kai, ashe mai akushin ƙuda ya iya tukunyar giwa." Suka gicciya itatuwa a bakin rijiya, suka ɗaure pampon a kai, suka zura tiyo har ya taɓa ruwa. Duk wanda ya rage a garin ya fito. Shanun ma suka matso kusa da kwamin da ake zuba musu ruwa, suna miƙa wuya.

Maigidana ya ce sai an fara jiƙa masa maƙogwaro. Aka jawo wasaki guda aka ɗura masa. Ya yi bismilla ya kama mariƙi. Pampon ya yi wani gurnani, ya tofo ɗan ruwan da aka ba shi, sannan ya shiga shaƙar iska kamar jaki mai tari. Ya danna ya danna har gumi ya jiƙa rigarsa. Mariƙin ya yi nauyi, in ya sake shi sai ya koma sama da kansa. Ko ɗigo.

Ya ce iska ce ke shiga ta wani wuri. Suka fito da tiyon duka, ya bi kowace mahaɗa da ƙaro da tsumma. Aka mayar, aka sake ɗura masa ruwa. Haka. Ya ce fatar ce, ya kwance ya sake yanka wata. Haka. Kwana uku muna wannan. Itatuwan da aka gicciya sun cinye rabin bakin rijiyar, wasaki ba ya wucewa sai da dabara, ga shi duk gwaji sai an ba pampon ruwan da ƙanena ya jawo da tsagaggen hannunsa. Shanu suna tsaye suna kallon ana ɗura wa ƙarfe ruwa. A rana ta uku wata karsana ta durƙusa a gefen kwami, aka ɗaga ta da itace ta sake zubewa, aka yanka.

Ƙanena ya goge wuƙar a ƙasa ya ce, "Malam, shi zai shayar da mu, ko mu za mu yi ta shayar da shi?"

Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba don dariya ya faɗa ba. Maigidana ya sa kunne a jikin tiyo yana ƙwanƙwasawa da kile, ƙarfen kwance noti, ya ce yana jin ruwan yana tasowa, sai ya zo wani wuri ya tsaya kamar an riƙe shi. Ya ce bai gane ba. Tunda nake da shi ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba.

Da yamma Inna ta kira ni. Ta kwance wani ɗan ƙulli a bakin zanenta, garin gero ne da bai fi tafi ɗaya ba, wanda ta ɓoye ban san tun yaushe ba. Ta ce, "Dama wa maigidanki. Ki ce ina yi masa sannu da aiki." Iyakar abin da ta ce ke nan, a ranar da kuma bayanta. Na kai masa. Ya riƙe ƙwaryar ya daɗe, ya kasa sha, ya kuma kasa mayarwa.

Muka kwance tagullar muka dawo da ita gari. Kafin mu taso, maigidana ya ce wa ƙanena ya ƙara masa kwana goma. Ƙanena ya ce, "Ko ban ƙara ba ina za ni? Yanzu ko Takaya ba za su kai ba."

Akwai wani tsohon shef, wato shugabansu na gareji, mutumin bakin teku, wanda ya yi karatun injuna, yana zaune a Zango. Wajensa maigidana ya tafi da safe. Ya dawo da azahar, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin inji, bai cire takalmi ba.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce pampon ba shi da laifi. Har ya yaba hudar." Sannan ya ci gaba. "Ya ce ko wa ya ƙera shi, pampon da ke zaune a bakin rijiya ba ya tsotso ruwa daga abin da ya wuce gaba huɗu, in an matsa biyar. Nan Allah ya yanke masa. Ƙara girma ba ya ƙara masa ko taƙi ɗaya. Sai dai a saukar da tagullar can ƙasa cikin ruwan, a haɗa ta da dogayen sandunan ƙarfe, ta riƙa turo shi sama."

"To me ya hana ka tambaye shi tun farko? Zango ce fa, ba Makka ba."

Ya dube ni ya ce, "Ƙaramin ya yi."

Ni ma ai na ga ƙaramin ya yi.

Ya bi gari ya samo sanduna takwas. Kowace sai an yanka mata haƙora a baki biyu, yadda za a murɗa wannan cikin wancan. Baƙin ƙarfe ya fi tagulla taurin kai. Muka koma juyi, yanzu ba haske a fuskar kowa. Hannuna ya yi kanta ya fashe, na naɗe da tsumma. Ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Kwana goman da ya ce suka cika muna kan sanda ta bakwai.

Ran na goma sha ɗaya, kafin la'asar, ina juyi sai hasken ƙofa ya dushe. Ƙanena ne a tsaye. A bayansa, a kan hanyar ƙofar gida, na hango jaki da Inna a kai, matarsa tana riƙe da ita, yara biyu a gefe. A kafaɗarsa akwai igiyoyin ɗaure shanu, a naɗe. Ya sauke su a bakin ƙofa a hankali, kamar abin da zai fashe.

Ya ce, "Yaya, ki huta. Babu sauran mai sha."

Na saki mariƙi. Ƙafar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai har ta tsaya. Na jira maigidana ya yi magana, ya yi salati, ya ba da haƙuri, ko me. Kansa yana sunkuye a kan sandar, wuƙar tana tsakiyar yanka. Bai iya ɗagowa ya dubi ƙofar ba. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Juya."

Kuma na juya. Uwata tana kan jaki a rana, ƙanena yana tsaye, ni ina juya ƙafar inji ina kuka, har ya kai ƙarshen haƙoran da ba za a murɗa su a komai ba. Sannan ya ce tsaya, ya fita ta gefen ƙanena, ya je ya kama linzamin jakin ya shigo da Inna cikin gida.

Inna ta zauna da mu, ba ta ga ƙarshen daminar ba. Ƙanena ya bar iyalinsa a wajenmu ya bi 'yan kasuwar Kano, ya yi shekaru yana dako a can. In ya zo yakan gaida maigidana da ladabi, ya tambayi lafiya, ya tambayi aiki. Maigidana ya sha jiransa da tsokana a baki, ko sau ɗaya bai ba shi ƙofa ba, har suka rabu a duniya.

Ruwa ya sauka bayan zuwansu da kamar wata ɗaya da rabi. Da ciyawa ta fito, mutanen garinmu da suka yi kudu suka dawo. Sun sha wuya, sun bar gawa a hanya, amma aka ce yawancinsu sun dawo da rabin abin da suka kora. Ni ban iya lissafi ba, amma na san rabin tara ya fi babu.